Dillalan Matsayi a Injin Bincike: Wa Ke Ɗaukar Hukunci Idan Aiki Ya Ɓaci?

Injin bincike, wato manhajar intanet da ake rubuta mata kalma ko tambaya ta jero shafukan da take ganin sun fi dacewa, ya zama ƙofar da masu saye da yawa suke bi kafin su isa ga ɗan kasuwa, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na wannan nema a duniya ta hannun Google yake wucewa. Da yake mai nema bai cika wuce jerin farko ba, sau da yawa ma sakamako uku ko huɗu na sama kaɗai yake dubawa, sai matsayin shafi a jerin ya koma abin gasa, kamar yadda ake gasar rumfar bakin hanya a kasuwa. Daga wannan gasa aka samu wata sana'a da sunanta ya fara yawo wajen 1997, wadda aka fi sani da taƙaitaccen sunanta, SEO, abin da take nufi kuwa shi ne gyara shafin intanet da abin da ke cikinsa ta yadda injin bincike zai fahimce shi, ya yarda da shi, ya kuma ɗaga shi sama ba tare da an biya kuɗin talla ba. Kamfanonin da suke wannan aiki suna kama da dillalai, sai dai akwai bambancin da ya kamata a riƙe tun daga farko. Dillalin kasuwa yana zama tsakanin mutum biyu da ya sani, yana iya sa baki su daidaita, shi kuwa wannan dillali ba shi da ta cewa a wurin Google, ba ya ganin cikakken ma'aunin da ake auna shafuka da shi, kuma idan ya yi ha'inci ba a kansa hukunci yake sauka ba.

Gane dalilin haka yana buƙatar sanin yadda injin yake aiki. Google yana da manhajoji masu yawo waɗanda suke bin shafuka ɗaya bayan ɗaya, suna karanta su suna adana bayanansu a wani makeken rumbu, ta yadda idan mutum ya rubuta tambaya daga rumbun ake zaƙulo amsa, a jera ta bisa wani tsarin lissafi mai la'akari da alamomi masu yawa. Shafin sakamako kuwa kaya iri biyu yake ɗauke da su. Akwai talla, wadda ake sayen gurbinta ta hanyar gwanjo a tsarin AdWords, wanda aka buɗe a watan Oktoba na 2000, aka kuma sauya masa suna zuwa Google Ads a 2018, kuma mai talla yakan biya ne duk lokacin da aka latsa tallarsa. Akwai kuma sakamakon da ba a biya ba, wanda Google ba ya karɓar kuɗi domin sa shafi a cikinsa ko ɗaga shi, kuma a nan ne aikin SEO yake. Ginshiƙin wannan jeri na biyu tun asali shi ne tsarin PageRank da Larry Page da Sergey Brin suka ƙirƙiro suna ɗalibai a Jami'ar Stanford, kafin su kafa kamfanin a 1998. Tsarin ya ɗauki mahaɗi, wato rubutu ko hoton da ake latsawa ya kai mutum wani shafi, a matsayin shaidar da wani shafi ya yi wa wani, kuma shaidar da ta fito daga shafi mai daraja ta fi nauyi. Duk inda shaida ta zama hanyar samun kuɗi kuwa, ba a rasa masu sayar da shaidar zur.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne abin da ya sami J.C. Penney, babban kamfanin kantunan sayar da tufafi da kayan gida na Amurka, wanda a lokacin yake da shaguna sama da 1,100. A watan Fabrairu na 2011 jaridar New York Times ta buga binciken wakilinta David Segal, wanda ya lura cewa shafin kamfanin ya shafe watanni, har da lokacin cinikin ƙarshen shekara, yana zuwa na ɗaya a kan kalmomin nema masu yawan gaske, tun daga rigunan mata zuwa zannuwan gado da dardumai da kujerun falo. Abin ya kai ga idan aka nemi akwatin tafiya na Samsonite, shafin Penney ne yake gaban shafin Samsonite ɗin kansa. Da jaridar ta sa masani ya bi sawu, sai aka tarar da dubban mahaɗai da aka dasa a ɗaruruwan shafukan da ba su da wata alaƙa da tufafi, wasu na injiniyancin nukiliya, wasu na caca, wasu na dillancin gidaje a Bulgeriya, kowanne ɗauke da kalmar da ake son a yi fice a kanta, yana kai mai latsawa kai tsaye shafin Penney. Matt Cutts, wanda yake shugabantar sashen yaƙi da maguɗi na Google a lokacin, ya tabbatar da cewa an karya ƙa'idar kamfanin, kuma a cikin sa'o'i biyu matsayin Penney a kan akwatin Samsonite ya faɗo daga na 1 zuwa na 71, a kan kujerun falo kuma ya koma na 68.

Abin lura a labarin shi ne matsayar da kamfanin ya ɗauka. Ya ce bai ba da izinin sayen mahaɗan ba, bai kuma san da su ba, sa'annan ya sallami SearchDex, kamfanin da yake yi masa aikin SEO. Duk da haka hukuncin ya zauna a kansa na kusan wata uku, domin Google shafi yake hukuntawa, ba ruwansa da yarjejeniyar da ke tsakanin mai shafi da wanda ya ɗauka aiki. Kafin wannan, a watan Fabrairu na 2006, an cire shafin BMW na Jamus daga rumbun Google baki ɗaya na 'yan kwanaki saboda wasu shafukan yaudara da aka cika da kalmar Jamusanci mai nufin motar hannu, waɗanda injin yake karantawa amma ɗan adam ba ya ganinsu, domin ana karkatar da shi wani shafi nan take. A Ingila ma Interflora, mai sayar da furanni, ya ɓace daga jeri a watan Fabrairu na 2013, har a kan sunansa, bayan an danganta shi da rubuce-rubucen talla masu mahaɗai a jaridu. Wanda ya fi ban mamaki shi ne Google ɗin kansa, wanda a watan Janairu na 2012 ya rage matsayin shafin manhajarsa ta Chrome na kwana 60, bayan wani kamfen da kamfanonin talla suka gudanar a madadinsa ya saɓa ƙa'idar mahaɗan da aka biya. Idan mai ƙa'idar bai tsira daga aikin wakilansa ba, ɗan kasuwar da ke da shago ɗaya a Kaduna ko Maraɗi ba shi da dalilin zaton zai tsira, kuma ba shi da lauyoyi da sanayyar da suka sa manyan nan suka farfaɗo da wuri.

Tun daga watan Afrilu na 2012, da aka shigo da sauyin da aka laƙaba wa Penguin, gano irin waɗannan mahaɗai ya zama aikin tsarin lissafin kansa, ba sai jarida ta tona ba. A watan Oktoba na shekarar Google ya samar da hanyar da mai shafi zai barranta daga mahaɗan da bai yarda da su ba, sai ga shi an buɗe wata sabuwar sana'a ta share ɓarnar da aka biya kuɗi aka yi a baya, wani lokaci ma masu dasa mahaɗan su ne suke neman lada kafin su cire. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, in ji Hausawa, ya yi dubu bai fita ba. Saboda haka tambaya ta farko da ta kamata a yi wa duk kamfanin da ke neman aikin ita ce daga ina mahaɗan za su fito, kuma ko za a biya wani kuɗi a kansu. Mahaɗi na gaskiya yana zuwa ne daga jaridar da ta ba da labarin kasuwancin, ko ƙungiyar 'yan kasuwa da mutum yake ciki, ko kamfanin da yake saro kaya a wurinsa, kuma irin wannan ba ya zuwa ɗari-ɗari a wata. Wanda ya yi alkawarin mahaɗai 500 cikin mako huɗu ya riga ya faɗi hanyar da zai bi, ko da bai ambace ta ba. Biyan kuɗi domin a saka mahaɗi halal ne a ƙa'idar Google muddin an sa masa alamar da ke nuna talla ce, alamar da aka fara samarwa a 2005 aka kuma faɗaɗa a 2019, amma da zarar an sa alamar to mahaɗin ba ya ƙara matsayi, wanda shi ne dalilin da masu maguɗi ba sa sa ta.

Alkawarin matsayi na ɗaya shi ne alama ta biyu ta mai maguɗi, kuma Google ya faɗa ƙarara a jagorar da ya rubuta wa masu shafuka cewa babu wanda zai iya lamunce wa kowa wannan matsayi. Cinikin biri a sama ne, domin mai alkawarin ba ya riƙe da abin da yake sayarwa. Sai dai masu irin wannan alkawari suna da hanyoyin cika shi a takarda. Wasu sukan zaɓi doguwar jimlar da babu mai nemanta, ko sunan kasuwancin kansa wanda dama shi zai fito a kansa, su nuna hoton allo su ce ga shi an zo na ɗaya. Wasu kuma sukan cire wani abu daga kuɗin da aka ba su su sayi talla, shafin ya bayyana a sama, ranar da aka daina biya ya ɓace. Akwai masu iƙirarin suna da mutum a cikin Google ko wata alaƙa ta musamman da shi, suna kafa hujja da tambarin Google Partner, alhali tambarin ya shafi ƙwarewa a sayen talla ne kawai, bai ba kowa iko a kan jerin da ba a biya ba. A 2018 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka, FTC, ta kai wasu kamfanoni na jihar Florida kotu saboda kiran ƙananan 'yan kasuwa a waya da sunan wakilan Google, suna tsorata su cewa za a cire su daga jeri idan ba su biya ba. Haka nan wanda yake tallar cewa zai cusa kalmomin nema a wani ɓoyayyen gurbi na shafi yana sayar da tsohon kaya ne, tunda Google ya sanar tun watan Satumba na 2009 cewa ba ya amfani da wannan gurbi wajen jera shafuka.

Aikin gaskiya ba shi da wannan armashi, kuma yana cin lokaci. Yakan fara da binciken shafin: ko manhajojin Google suna iya karanta shi, ko yana buɗewa yadda ya kamata a wayar hannu, abin da tun 2015 ya shiga cikin ma'auni, ko yana da kariyar da ke sa adireshi ya fara da https, ko kowane kaya yana da shafinsa mai bayani da farashi da hoto. Daga nan a duba kalmomin da masu saye suke rubutawa da gaske, a tsara rubutun da zai amsa musu. Jami'an Google sun kiyasta cewa akan ɗauki wata huɗu zuwa shekara guda kafin a fara ganin amfanin irin wannan gyara. Hikima ita ce a fara biyan kuɗin binciken shi kaɗai, a karɓi rahoto a rubuce mai nuna matsala da dalilinta da gyaranta da abin da za a fara da shi, kafin a shiga yarjejeniyar wata-wata. A wannan mataki ana gane mai sana'a daga tambayoyinsa, domin wanda bai tambayi kayan da suka fi kawo riba ba, da garuruwan da ake iya kai kaya, da waɗanda ake gogayya da su, to shiri guda yake sayar wa kowa.

Batun da 'yan kasuwa suka fi sakaci da shi, wanda kuma ya fi saurin jawo nadama, shi ne mallakar makullai. Shafin intanet ya dogara da abubuwa kaɗan da kowanne yake da rajista da kalmar sirri: sunan adireshin, wanda ake sabunta hayarsa shekara-shekara, masaukin da aka ajiye shafin a kansa, asusun Search Console inda Google yake nuna kalmomin da aka samu shafin da su yake kuma aika sanarwa idan jami'ansa sun hukunta shi, asusun Analytics mai ƙidaya baƙi, da Google Business Profile wanda ke nuna shago a taswira tare da lambar waya da lokacin buɗewa. Duk waɗannan ya kamata a buɗe su da sunan mai kasuwanci da adireshinsa na imel, sa'annan a ba kamfanin izinin shiga wanda za a iya janyewa, abin da manhajojin suka tanada. Idan aka yi akasin haka, ranar da aka saɓa sai mai shago ya tarar shi ɗan haya ne a gidan da ya gina, sunan da ya buga a kati da allo da jikin mota yana hannun wani. A Nijeriya adireshin da ya ƙare da .ng yana ƙarƙashin kulawar NiRA, wadda take aiki ta hannun dillalan rajista da ta amince da su, kuma abu ne mai sauƙi mutum ya nemi a nuna masa sunan da aka rubuta a matsayin mai adireshin. Haka ma ana iya duba rajistar kamfanin a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ko da yake rajista tana nuna akwai wanda za a kama ne kawai, ba ta shaidar iya aiki. Shaidar iya aiki tana bakin waɗanda aka yi wa aiki, musamman wanda ya riga ya rabu da kamfanin, domin shi zai faɗi yadda aka miƙa masa kayansa.

Rahoton wata-wata ma yana da nasa tarkon. Kamfanoni da yawa suna cika shi da wani maki da ake kira Domain Authority, suna nuna ya tashi daga kaza zuwa kaza, alhali kamfanin Moz ne ya ƙirƙiro makin domin kintace, Google ba ya amfani da shi, kuma ana iya kumbura shi da mahaɗan banza. Yawan baƙi shi ma yana ruɗi, domin mai sayar da injin markaɗe a Kano ba ya amfana da mutum dubu goma da suka shigo daga wata nahiya neman wani abu dabam. Abin da ya dace a auna shi ne kiran waya da saƙonni da odar da suka biyo ta shafin, a kuma haɗa da jerin duk sauyin da aka yi da duk mahaɗin da aka samo, ta yadda mai shafin zai iya buɗe Search Console da kansa ya gwada abin da aka faɗa masa da abin da ke ciki.

Sharhin masu saye wani fage ne da ake yawan zamewa. A watan Satumba na 2013 ofishin babban lauyan jihar New York ya bayyana sakamakon wani bincike inda jami'ansa suka yi shigar masu shagon yogot a Brooklyn, suka kira kamfanonin SEO neman taimako, wasu daga ciki suka yi tayin rubuta sharhin yabo na ƙarya. Kamfanoni 19 ne suka amince su daina, suka biya tarar da ta haura dala 350,000, kuma a 2024 FTC ta kafa ƙa'idar da ta haramta saye da sayar da sharhin ƙarya a faɗin Amurka. Ga mai karatun fiƙihu wannan ba baƙon abu ba ne, domin ya yi kusa da najashu, wato mutum ya zuga kaya ko ya ƙara farashi ba da niyyar saye ba, don wani ya ruɗu, wanda aka hana tun da daɗewa. Wanda zai yi wa mutum ƙarya a madadinsa kuwa, babu dalilin zaton ba zai yi masa ƙarya a rahoto ba.

Sabon salon ha'incin ya koma kan rubutu. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun sa ana iya fitar da maƙala ɗari a yini, kuma a watan Maris na 2024 Google ya sanya tara rubutu barkatai domin neman matsayi a cikin laifuffukan da yake hukuntawa, ko mutum ne ya rubuta ko na'ura. A nan ɗan kasuwar da abokan cinikinsa Hausawa ne yana da wata buƙata ta daban, wadda kamfanin da bai san harshen ba zai yi wuya ya biya. Masu nema da yawa ba sa rubuta ƙ da ɗ da ɓ a waya, suna gauraya Hausa da Ingilishi a jimla guda, a Nijar kuma da Faransanci, kuma kaya ɗaya yana iya samun suna a Kano ya samu wani a Sakkwato ko Damagaram. Wanda zai ɗauki rubutun Ingilishi ya zuba a na'urar fassara ya manna a shafi zai samar da Hausar da mai saye zai karanta layi biyu ya fita. Ya dace a nemi ganin samfurin rubutun, a san wanda zai rubuta shi, a kuma sa a yarjejeniya cewa babu abin da za a wallafa da sunan kasuwancin sai mai shi ya gani. Tun watan Mayu na 2024 kuma Google ya fara sa taƙaitacciyar amsa ta na'ura a saman sakamako, wadda take iya gamsar da mai nema bai latsa kowane shafi ba, nan da nan aka samu masu sayar da alkawarin shigar da mutum cikin wannan amsa, alkawarin da bai fi na matsayi na ɗaya tushe ba.

Ba kowane kasuwanci ne yake buƙatar irin wannan kamfani ba, kuma mai gaskiya a sana'ar yakan faɗi haka. Mai ɗinki ko mai sayar da turare wanda cinikinsa yake tafiya ta WhatsApp da Instagram, ko mai gidan abincin da abokan cinikinsa 'yan unguwa ne, zai iya samun mafi yawan amfanin ta hanyar cika Business Profile da kansa, kyauta, da adireshi daidai da hotuna da lambar da ake ɗagawa. Aikin ya fi biyan kuɗinsa ga asibiti mai zaman kansa, ko makaranta, ko otal, ko mai fitar da riɗi da citta waje, waɗanda baƙon da bai san su ba yake nemansu da kalma. Ga irin waɗannan, ya kamata yarjejeniyar ta fayyace ayyukan da za a yi kowane wata, ta haramta sayen mahaɗai da sharhi a fili, ta tabbatar da cewa rubutu da hotunan da aka biya kuɗinsu mallakar mai kasuwanci ne, ta kuma ba kowane ɓangare damar fita da sanarwar wata guda maimakon ɗaurin shekara. A ranar rabuwa kuma a janye izinin shiga daga kowane asusu, a sauya kalmomin sirri, a sauke jerin mahaɗan da ke nuni ga shafin daga Search Console a ajiye, domin wanda zai karɓi aikin daga baya da wannan jeri zai fara.